Gahawar da Dabo Ya Ajiye

A unguwar Sa'alaba ta Jidda, in ka tambayi gidan Malam Dabo sai a tsaya ana kallon-kallo. Amma ka ce Dabo Faifai, ko makaho zai kama hannunka ya kai ka rumfar tsirensa. Shekara ashirin da takwas yana ɗauke da sunan nan, tun yana faɗa in an kira shi da shi har ya gaji ya koma amsawa.

Dabo mutumin Ringim ne. Ya zo aikin Hajji a 1980, ya ga wuri ya yi zamansa ba takarda, kamar yadda Takari, 'yan ƙasarmu mazauna can, da yawa suka yi. Aikinsa na farko kiwon awaki ne a wani ɗan gari da ake kira Birkatul Ma'iz, tafiyar awa biyu a mota daga Jidda. Wata bakwai ya yi aka koro shi. Ya dawo da 'yar jakarsa, da agogon hannu da ya tsaya cak, da kuma labari a bakinsa. Wai wata rana da yamma yana shayar da awaki a bakin rijiya, wani abu zagayayye kamar faifai ya sauko daga sama ya tsaya a kansu, ba ƙara ba iska, kuma awakin nan duka suka durƙusa a kan gwiwoyinsu na gaba. Ya ce ɗan maigidansa, wani saurayi mai suna Hamad, yana wurin ya gani. Da aka tambayi Hamad sai ya ce shi bai ga komai ba, barci makiyayin ya yi har awaki uku suka mutu, ya tashi ya ƙirƙiro labari.

Zancen awakin nan shi ya kashe shi a Sa'alaba. Da a ce haske kawai ya ce ya gani, da an ce aljanu ne an wuce wurin. Amma awaki su durƙusa? Lado mai wanki, maƙwabcinsa, bai taɓa wucewa ta rumfar ba tare da ya tambaya ba: "Dabo, yau mutanen naka ba su sauko sayen tsire ba? Ko awakin ne ba su idar da sallah ba?"

Dabo yakan yi dariya, amma abin yana cin ransa. Mutum ne da bai taɓa sayar wa kowa naman jiya ya ce na yau ne ba, amma a unguwar nan ba a karɓar shaidarsa. In za a ɗaura aure ana neman shaidu, sai idon liman ya tsallake shi. In rigima ta tashi a gabansa ya ce ga wanda ya fara, sai a ce a nemo wani. Matarsa Shatu, Allah ya ji ƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta abin da take cewa kan maganar bai wuce "Allah ne masani" ba. 'Yarsu ɗaya, Zakiya, wadda aka haifa a nan Jidda, ta tashi ana kiranta 'yar Faifai, kuma tun tana shekara goma ta daina zama in ya ɗauko labarin. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Ran nan, cikin 2009, yana barbaɗa ƙuli a kan nama sai ga wata farar mota ta tsaya. Wani Balarabe mai tabarau ya fito yana tambayar wanda ya taɓa kiwo a Birkatul Ma'iz. Dabo bai so haka ba, don mara iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya son baƙon da ya san tarihinsa. Mutumin ya ce sunansa Ustaz Othman, malamin kimiyya ne a makarantar garin, kuma wata huɗu ke nan yana nemansa.

Ya ce shekara uku ke nan garinsu na yin biki duk shekara don tunawa da abin da ya sauko a 1981, wanda su faranti suke ce masa. Mutane na zuwa daga nesa, ana kafa tantuna, ana ciniki, masana na jawabi. Bana so suke babban baƙo mai jawabi ya zama wanda abin ya tsaya a kansa.

Dabo ya ajiye tsinken da ke hannunsa. "Garin da aka kore ni don na ce na gani, shi ne yanzu ake biki?"

"Yanzu kowa ya gani, ya Hajj," in ji Othman, yana gyara tabarau. "Shi ya sa nake neman wanda ya gani tun kafin a fara biki."

"Hamad yana raye?"

"Shi ne shehin garin. Filin bikin ma nasa ne. Amma kan faranti bai taɓa cewa uffan ba."

Tun daga ranar Dabo ya kasa zama wuri ɗaya. Ba girman da za a ba shi ne ya dame shi ba. So yake ya ga yadda ake bikin abin da ya sa aka yi masa korar kare. Me suke ci a wurin? Me suke faɗa? Rijiyar tana nan? Sai dai Larabcinsa na kasuwa ne, ya isa a yi ciniki a yi faɗa, amma in ransa ya motsa Hausa ce ke fitowa. Dole sai da tafinta, kuma ba shi da wanda ya wuce Zakiya.

Zakiya lokacin tana da shekara ashirin da shida, tana yi wa amare ƙunshi a gidajen Larabawa. Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausar ce take fita da ƙyar. Ita ma ba ta da iƙama, don 'yar mara takarda mara takarda ce.

"Ya Baba, aibi ne wallahi," in ji ta. "Dariyar Sa'alaba ba ta ishe mu ba, sai mun je an yi mana a lasifika? Kuma shingen 'yan sanda fa? In suka ce ina iƙama, me za ka nuna musu, agogo?"

"Malamin ya ce da takarda mai hatimi zai zo, a motarsa za mu tafi."

"Khalas, ka riga ka yanke ke nan."

"Ban taɓa roƙonki komai ba, Zakiya."

Ta daɗe tana kallon hannunta da lalle ya rina. Sannan ta ce za ta je, amma kada ya kawo zancen awaki. Ya yi mata alkawari.

Ranar Alhamis suka kama hanya. A shinge ɗan sanda ya juya takardar Othman sama da ƙasa, ya leƙo ya kalli Dabo cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya ce, "Wannan ne ya ga farantin?" Ya kira abokin aikinsa shi ma ya zo ya gani, suka riƙe su rabin awa suna tambayar ko abin yana da taya. Saboda haka sai bayan la'asar suka isa, an riga an fara.

Dabo ya fito daga mota ya saki baki. A ƙofar gari an haɗa manyan faranta biyu na kama tashoshin talabijin, an kife ɗaya a kan ɗaya, an shafa musu fentin azurfa, an ɗora a kan dogon ƙarfe. Ana sayar da dabino a kwali mai siffar faranti. Ga riguna da hoton wani koren mutum mai idanu kamar na kwaɗo. Rijiyar da ya sha wahalar jan guga a cikinta an kewaye ta da sarƙa, mutane na layi suna ɗaukar hoto. Ya zagaya ƙarfen sau biyu yana ɗaga kai.

"Ba haka yake ba," ya ce wa Othman. "Wanda na gani ba shi da ƙusa ko ɗaya. Kuma ba fari ba ne."

Othman ya ciro ɗan littafi ya rubuta cike da murna.

Aka raba su a bakin tanti. Maza a babban tanti, mata a nasu can gefe, inda aka ajiye musu talabijin suna kallon abin da ake yi, aka kuma ja waya aka ba Zakiya makirfo. Dabo ba zai ga fuskarta ba, muryarta kawai zai ji tana fitowa daga lasifikar da ke rataye a kansa.

Kafin shi mutum biyu suka yi magana. Na farko ya ce farantin ya ɗauke masa taguwa ya dawo da ita bayan kwana uku, tun daga nan nononta ya ninka. Na biyu ya ce mutanen ciki sun leƙo ya yi musu sallama sun amsa. Dabo ya ƙare masa kallo, ya lissafa a ransa, ya ga a 1981 wannan ko yaye shi ba a yi ba. Aka tafa musu sosai.

Da aka kira Dabo ya miƙe. A sahun gaba, a kan kujera mai laushi, ya hango wani dattijo mai ƙiba da furfura a gemu, riƙe da sanda. Shekaru sun canja komai a jikinsa ban da tabon da ke kan girarsa ta hagu. Hamad ne, kuma carbinsa yake kallo.

Dabo ya yi bismilla ya fara da Hausa. Ya ce rana ta yi sanyi, saura kaɗan shida. Ya ce abin da ya fara lura da shi shirun ne, don ƙudajen bakin rijiya ma sun daina ƙara. Ya ɗaga kai ya ga abin, launinsa kamar tasar tagulla da aka wanke da toka, faɗinsa ya kai wannan tantin. Bai ji zafi ba, bai ji sanyi ba, sai haƙoransa da suka riƙa yi masa tsami. Ya daɗe kamar yadda mutum zai karanta Yasin rabi, sannan ya ɗaga a hankali ya yi yamma wajen teku. Ya ciro agogon ya nuna, yana nan a shida saura minti goma.

Shi ya faɗi jimla biyar, lasifika ta faɗi biyu. Yana jin Larabci sarai, ya ji yadda Zakiya ke yanke masa magana kamar mai gyaran farce, tana zubar da duk abin da za a iya yi wa dariya. Ya yi niyyar cika mata alkawari, amma da ya zo wurin sai bakinsa ya ƙi.

"Awakin nan kuwa, tamanin da huɗu, duka suka durƙusa a kan gwiwoyinsu na gaba."

 Sannan muryar Zakiya ta ce da Larabci, "Ya ce dabbobin sun tsorata."

Aka ba da damar tambaya. Ya ga mutanen ciki? Bai gani ba. Akwai ƙofa? Babu. To me yake tsammanin abin ne? Ya ce wallahi bai sani ba, shekara ashirin da takwas yana tambayar kansa, ya ma zo ne ko a nan zai samu wanda ya sani. Mutane suka kalli juna. Mai taguwa ya fi shi labari nesa ba kusa ba. Aka yi masa ɗan tafi irin na ladabi, wasu suka fara tashi neman shayi.

Othman ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kujerar girmamawa, daidai gefen Shehi Hamad. Mai zuba gahawa ya zo da butarsa mai dogon baki, ya tsiyaya a ɗan kofi ya miƙa masa.

To, a Ringim an koya wa Dabo cewa in an kawo wa baƙo ruwa ba ya kafa kai nan take kamar wanda ya kwana da ƙishi. Ajiyewa yake ya gama gaisuwa tukuna, balle a gaban babba. Wata bakwai da ya yi a garin nan a bayan awaki ya yi su, ba wanda ya taɓa zaunar da shi a majalisa balle ya koyi ƙa'idarta. Sai ya karɓi kofin da hannu biyu, ya sunkuya ya ajiye shi a kan kafet a gaban shehi, ya gyara riga zai fara gaisuwa.

Tantin ya yi tsit. Waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna. Mai gahawa ya tsaya da buta a sama. Dabo ya duba rigarsa ko wani abu ya zuba.

Othman ya matso da bakinsa kusa da kunnensa. "Ya Hajj, ka san abin da ka yi? A wurinmu, baƙon da ya ajiye gahawa bai sha ba yana da buƙata wurin maigida. Kuma maigida ba ya barin kofin ya huce a ƙasa, abin kunya ne gare shi da zuriyarsa. Buƙata ɗaya ce. Duk abin da ka roƙa, in yana iyawa, ya zama dole."

Hamad ya ɗago a karo na farko ya dube shi. Ya ce da murya mai nauyi, "Sha gahawarka, baƙo. Abin da ka zo nema ka samu."

Sai lasifika ta yi ƙara. Zakiya ta gani a talabijin, kuma ita ta san al'adar. Muryarta ta cika tantin da Hausar da ba mai ji sai mutum ɗaya.

"Baba! Iƙama! Ka ce ya zama kafilinmu, ya tsaya mana a ba mu takarda, ni da kai! Baba, don Allah, don Annabi, ka ce iƙama!"

Dabo ya ji ta, kuma ya san gaskiya ta faɗa. Ya tuna yadda take ratsa lunguna in za ta aiki don kada ta haɗu da motar kame. Ya tuna makarantar da ta tsaya a aji shida. Allah ya sani, da ya buɗe baki iƙama ya yi niyyar cewa. Amma idonsa na kan tabon girar nan, kuma abin da ya kwana shekara ashirin da takwas a maƙogwaronsa ya riga kowace kalma fitowa. Ya faɗe shi da Larabcinsa na kasuwa, ba tafinta.

"Ya Hamad, ka faɗa musu abin da ka gani."

Lasifika ta yi wani ɗan sauti kamar an ja numfashi, ta mutu.

Hamad ya kalli kofin. 'Ya'yansa da jikokinsa na zaune a bayansa, ga manyan gari, ga mai ɗaukar hoto. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya miƙa hannu aka ba shi makirfo.

Ya ce ranar ya kawo wa awaki hatsi a motar mahaifinsa. Ya ce abin ba fari ba ne kamar wancan na ƙofar gari, jan ƙarfe-ƙarfe ne, kuma har gobe in ya tuna haƙoransa na yi masa tsami. Ya ce, "Awakin suka durƙusa. Dukansu, a kan gwiwoyin gaba, kamar raƙuma za a yi musu lodi. Ban san dalili ba, kuma ban san mene ne abin ba." Ba wanda ya yi dariya.

Ya share gemunsa ya ci gaba. Ya ce da abin ya ɗaga sai ya faɗa mota ya gudu, ya bar makiyayi shi kaɗai, kuma garin gudu ya bi ta kan awaki uku. Ya kasa gaya wa mahaifinsa cewa ɗansa ya tsere ya bar baƙo a tsaye, sai ya ɗora wa baƙon. "Mutumin nan bai yi barci ba, bai yi ƙarya ba. Ni na yi. Ku shaida."

Ya juyo. "Yanzu sha gahawarka."

Dabo ya sunkuya ya ɗauki kofin. Garin ɗagowa rabi ya zube a babbar rigar. Gahawar ta huce, ga ɗaci, ya shanye yana hawaye a gaban mutum ɗari uku, bai ko ji kunya ba. Daɗi ya ji wanda bai taɓa jin irinsa ba, kuma a ƙarƙashin daɗin yana jin shirun lasifikar nan kamar dutse a ƙirjinsa.

Bayan sallar magariba aka ba shi allon girmamawa da kwalin dabino mai siffar faranti. Othman ya yi alkawarin kawo masa faifan bidiyon har Sa'alaba, Dabo kuwa ya ce a kira Lado ya zauna a gaba. Hamad bai sake fitowa ba.

A mota Zakiya ta zauna a baya, ta juya fuska ga taga. Sun wuce ƙarfen faranti, sun wuce gidan mai. Othman ya kunna rediyo, ya ga ba wuri ba ne, ya kashe.

"Zakiya," in ji Dabo.

"Ka cuce ni, Baba." Muryarta ta dushe, da ji ta sha kuka. "Sau ɗaya a rayuwa ƙofa ta buɗe. Sau ɗaya."

"Na sani."

 Dabo ya riƙe agogonsa yana shafa gilashin da babban yatsa. Suka yi tafiya mai nisa a haka, har hasken Jidda ya fara bayyana a gabansu.

Sai ya ji hannu ya zo ta tsakanin kujeru, tafin a buɗe, da zanen lalle a kai. Ya ɗan yi jim kafin ya gane, sannan ya ɗora mata agogon. Ta kai shi kunne ta saurara, ta juya shi, ta kara a hasken taga tana duba inda hannayen suka tsaya.

"Ni ban fassara awakin ba," ta ce a hankali. "Shi da kansa ya faɗa."

"Shi ya faɗa."

Ta ja hanci. Ta matso gaba har goshinta ya taɓa bayan kujerarsa, ta yi magana da Hausarta mai tuntuɓe, tana neman kowace kalma.

"Har yanzu ina fushi da kai. Amma Baba, fara mini daga farko. Daga inda ƙudaje suka yi shiru. Kada ka tsallake komai."